Daga 1202 Zuwa 91: Tarihin Saƙon Kuskure da Gardamar Gwada Shi

Ranar 20 ga Yulin 1969, ƙaramin kumbon Eagle yana gangarawa zuwa doron wata, saura kimanin kilomita 10 ya dira, sai fitilar gargaɗi ta kama a gaban Neil Armstrong da Buzz Aldrin. Aldrin ya tambayi kwamfutar abin da ke damunta, ita kuma ta amsa masa da lambobi huɗu: 1202. Babu bayani, babu shawara. Armstrong, mutumin da aka sani da sanyin rai, ya nemi cibiyar kula da tafiyar da ke Houston ta gaya musu ma'anar lambar, kuma duk wanda ya saurari faifan maganar zai ji yadda muryarsa ta sauya.

Amsar tana hannun wani saurayi ɗan shekara 24 mai suna Jack Garman, wanda ke zaune a wani ɗaki na baya. A kan teburinsa akwai takardar da ya rubuta da hannunsa, jerin lambobin gargaɗin kwamfutar kumbon da abin da za a yi idan kowacce ta bayyana. Ya duba, ya ce wa Steve Bales, jami'in da ke lura da kwamfutar saukar, a ci gaba muddin gargaɗin bai riƙa zuwa babu ƙaƙƙautawa ba. Bales ya isar, Charlie Duke ya faɗa wa 'yan sama jannatin. Sau biyar gargaɗin ya zo kafin a dira, huɗu 1202, ɗaya 1201, kuma dukansu magana ɗaya suke yi: aiki ya yi wa kwamfutar yawa. Wata na'urar rada da ba a buƙatarta a lokacin saukar ce ke cinye mata lokaci. Manhajar kuwa, wadda injiniyoyin jami'ar MIT irin su Hal Laning da Margaret Hamilton suka yi aiki a kanta, an gina ta ne yadda za ta watsar da ƙananan ayyuka ta riƙe manya.

Takardar Garman daga wata faɗuwa ta samo asali. A farkon watan na Yuli, a wani atisaye na ƙarshe-ƙarshe, mai shirya atisayen, Dick Koos, ya jefa wa jami'an irin wannan gargaɗin da gangan. Bales bai san lambar ba, ya ba da umarnin a fasa saukar. Da aka zauna bita, Koos ya nuna cewa kwamfutar tana kan aikinta, babu dalilin fasawa. Shugaban tawagar, Gene Kranz, ya sa aka bi lambobin ɗaya bayan ɗaya aka rubuta hukuncin kowacce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Fiye da shekara 50 bayan haka, masu rubuta manhaja suna nan suna jayayya a kan wata tambaya da ta fito daga wannan gida. A sana'arsu akwai abin da ake kira gwajin ɓangare-ɓangare: 'yar ƙaramar manhaja ce da ake rubutawa don ta ɗauki yanki ɗaya na babbar manhaja, ta ba shi wani abu, ta duba ko ya dawo da amsar da ake tsammani. Ana tara ɗaruruwansu ko dubbai, na'ura ta gudanar da su duk lokacin da wani ya taɓa rubutun. Tambayar ita ce, shin saƙon da manhaja ke fitarwa idan abu ya lalace, shi ma a rubuta masa gwaji? In za a rubuta, me za a duba: fitowarsa, ko lambarsa, ko kalmominsa har waƙafi da aya? Amsoshin da ake da su yau, kusan kowacce akwai hatsarin da ya haife ta.

Zamanin da harafi ke da tsada

Kwamfutocin farko ba su da wurin ajiye surutu. Ta kumbon Apollo, ma'ajiyarta ta aiki kalmomin na'ura 2,048 kawai take ɗauka. A ɗakunan bincike na Bell, inda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka gina Unix daga 1969, ana magana da kwamfuta ne ta wata tafireta mai buga haruffa 10 a daƙiƙa. Jimla mai haruffa 60 za ta ci daƙiƙa 6 tana ƙwanƙwasawa, ga takarda tana tafiya. Shi ya sa manhajar gyaran rubutu da Thompson ya yi, mai suna ed, take da amsa ɗaya tak ga kusan duk kuskuren da mutum zai yi: alamar tambaya.

Kamfanin IBM ya bi wata hanya a manyan kwamfutocinsa na System/360, waɗanda aka sanar a 1964. Kowane saƙo yana da lambar shaida: haruffan farko suna nuna sashen da ya yi maganar, sai lamba, sai harafi ɗaya a ƙarshe da ke faɗa wa ma'aikaci ko labari ne kawai ake ba shi, ko ana jiran ya yi wani abu, ko ya yanke hukunci. Cikakken bayani yana cikin wani katon littafi a kan kanta. Wannan tsari na raba lamba da bayani, wanda tsadar wuri da tsarin aiki suka tilasta, shi ne daga baya ya zama mafita ga rabin gardamar.

Unix ma ta yi wa kurakuranta lambobi, amma ta bar wani tarko. Lambar kuskure na ƙarshe tana zaune a wuri guda har sai wani kuskuren ya goge ta. Manhajar da ba ta kula ba za ta iya ɗauko tsohuwar lamba ta maƙala wa sabuwar matsala. Haka aka yi shekaru masu aika wasiƙar lantarki suna samun wasiƙunsu sun dawo da bayanin cewa wani abu ba tafireta ba ne, alhali matsalar ita ce babu mai wannan adireshin. Saƙon ya fito a kan lokaci, rubutunsa daidai, sai dai ƙarya yake yi.

Da kwamfuta ta shiga gidaje da ofisoshi a shekarun 1980, sai saƙonnin da injiniya ya rubuta wa injiniya suka faɗa hannun akawu da sakatare. MS-DOS tana tsayar da mutum da tambayar "Abort, Retry, Fail?" ba tare da ta faɗa masa bambancin ukun ba. Na'urorin buga takardu na HP LaserJet suna nuna "PC LOAD LETTER", wato a zuba takarda mai girman da Amurkawa ke amfani da shi a cikin tire. A ƙasashen da ake aiki da takardar A4, ciki har da Najeriya da Nijar, saƙon ya zama kacici-kacici. Waɗannan dai abin dariya ne da ɓacin rai. Akwai wanda ya wuce haka.

Malfunction 54

Therac-25 na'urar gashin ciwon daji ce da kamfanin makamashin nukiliya na Kanada, AECL, ya ƙera. An girka guda 11, biyar a Amurka, shida a Kanada. Magabatanta suna da makaran ƙarfe da lantarki da ke hana haske mai ƙarfi ya fita ba a kan ƙa'ida ba. A wannan sabuwar, an cire da yawa daga cikinsu an miƙa amanar ga manhaja, wadda mutum ɗaya ya rubuta. Idan manhajar ta ga wani abu bai yi daidai ba, sai ta rubuta "Malfunction" da lamba daga 1 zuwa 64. Littafin ma'aikata bai bayyana ma'anar lambobin ba. Kuma saƙonnin suna zuwa ne kamar ruwan sama: a wani asibiti an ba da rahoton kusan 40 a rana, yawancinsu marasa haɗari. Ma'aikata suka saba da danna harafin P, na'urar ta ci gaba.

Ranar 21 ga Maris na 1986, a wata cibiyar jinyar ciwon daji da ke Tyler a jihar Texas, wata ƙwararriyar ma'aikaciya mai saurin hannu ta shigar da bayanan wani majinyaci. Ta buga x maimakon e, ta lura, ta koma sama ta gyara cikin 'yan daƙiƙu, ta kunna. Na'urar ta tsaya, ta nuna Malfunction 54. Wata takarda da ke jikin na'urar ta fassara lambar da wasu kalmomi uku da ba su ƙara haske ba. Allon kuma ya nuna cewa awo 6 kawai aka ba majinyacin daga cikin 202 da aka nema, wato ɗan kaɗan kawai ya samu daga abin da yake buƙata. Ta danna P.

Gaskiyar lamarin kishiyar abin da allon ya nuna ce. Saurin gyaran da ta yi, ƙasa da daƙiƙa 8, ya sa wani sashen manhajar ya ga gyaran, wani bai gani ba. Haske mai tsananin ƙarfi ya fita ba tare da abin da ke tare shi ba. A wani ma'aunin daban, an tsara a ba mutumin awo 180 na hasken a ranar, masana suka ƙiyasta ya samu tsakanin 16,500 da 25,000 a ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Na'urar da ke auna hasken ta cika ta batse, shi ya sa ta ba da ƙaramar lamba. A ranar, na'urar magana da ke tsakanin ɗakin majinyaci da na ma'aikaciya ta lalace, talabijin ɗin kallon ɗakin kuma ba a jone yake ba. Mutumin ya rasu bayan wata biyar.

Injiniyoyin kamfanin sun zo, sun kasa sa saƙon ya sake fitowa, suka ce na'urar ba za ta iya wuce awo ba. Aka mayar da ita bakin aiki ranar 7 ga Afrilu. Ranar 11 ga wata, ma'aikaciyar nan ta sake yin irin gyaran, lamba 54 ta sake fitowa, wani majinyacin ya ƙone, ya rasu cikin mako uku. Masanin kimiyyar asibitin, Fritz Hager, shi ne ya zauna da ita suka yi ta maimaita bugun da sauri har suka iya fito da saƙon duk lokacin da suka ga dama. Daga baya aka ji ainihin ma'anar 54 daga bakin kamfanin: awon da aka bayar ko dai ya yi yawa, ko ya yi kaɗan. Lamba ɗaya ga abin da zai sa a sake zama, da abin da zai kashe mutum.

Hatsari shida aka sani tsakanin 1985 da 1987. Binciken da Nancy Leveson da Clark Turner suka wallafa a 1993 ya nuna cewa gwajin da aka yi wa manhajar ita kaɗai, yanki-yanki, kaɗan ne ƙwarai, an fi dogara da cewa na'urar gaba ɗaya ta yi dubban sa'o'i tana aiki. A cikin gyare-gyaren da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a 1987 akwai maye gurbin saƙonnin masu duhu da masu ma'ana.

Mai karatu na biyu

Shekara goma bayan Tyler, injiniyoyi suka koyi cewa ba mutum kaɗai ke karanta saƙon kuskure ba. Ranar 4 ga Yunin 1996, rokar Turai ta Ariane 5 ta tashi a karon farko daga Kourou a Guiana ta Faransa, ɗauke da taurarin bincike huɗu. Kafin a cika daƙiƙa 40 ta kauce hanya, ta karye, ta tarwatsa kanta a sama.

Kwamitin bincike ƙarƙashin masanin lissafi Jacques-Louis Lions ya gano zaren cikin makonni. Na'urar da ke faɗa wa rokar inda ta dosa tana amfani da manhajar da aka gada daga Ariane 4. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu a kwance, sai wata lamba ta yi girman da ba za ta shiga gurbin da aka tanadar mata ba. Manhajar ta yi abin da aka umarce ta idan ta ci karo da kuskure: ta aika da bayanin matsalar, ta kashe kanta. Na'urar ko-ta-kwana, da yake manhajarsu ɗaya, ta riga ta mutu da ciwon nan ƙiftawar ido kafin nan. Babbar kwamfutar rokar ta karɓi bayanin matsalar, ta ɗauka bayanin tafiya ne, ta murɗe bakunan injin har ƙurya don gyara kaucewar da ba ta faru ba. Ba a taɓa gwada na'urar da bayanan hanyar Ariane 5 ba, kuma sashen manhajar da ya jawo abin ba shi da wani aiki bayan roka ta bar ƙasa.

Zuwan gwajin ɓangare-ɓangare

A 1997, Kent Beck da Erich Gamma suna cikin jirgi daga Zurich zuwa Atlanta don halartar wani taro, suka zauna suka rubuta JUnit, kayan aikin gwajin ɓangare-ɓangare na yaren Java, bisa wanda Beck ya taɓa yi wa yaren Smalltalk. Abin ya bazu kamar wutar daji, aka kwaikwaye shi a kusan kowane yaren manhaja. Beck ya ƙara da wa'azin cewa a fara rubuta gwaji kafin a rubuta manhajar. Nan ne gardamar saƙon kuskure ta samu siffarta ta yau.

Ɓangare ɗaya suka ce kalmomin saƙo ado ne, suna sauyawa kullum. Wani zai gyara nahawu, wani zai sassauta lafazi, kuma in gwaji ya kafe a kan kalmomin, kowane gyara zai sa ya faɗi ba tare da an lalata komai ba. Gwajin da ke yawan ihu a banza kuwa, makomarsa irin ta saƙonnin Therac ce: mutane su daina saurarensa. Sun kuma ce kwafar jimla daga manhaja a liƙa ta a gwaji ba ya tabbatar da komai sai cewa an iya kwafa. Ɗaya ɓangaren suka ce saƙon shi ne kaɗai abin da ke hannun mutum a lokacin da ya fi buƙatar taimako, kuma shi ne yankin da ba a cika bi ta kansa ba, don haka kuskure zai iya kwana a ciki shekaru: sunan fayil da bai fito ba, lambobi biyu da aka sauya wa wuri, ko ma rubutun haɗa saƙon shi kansa ya faɗi ya binne matsalar asali.

Tarihin JUnit ɗin kansa ya nuna yadda ra'ayi ya yi ta kai-kawo. Hanyar da aka kawo a bugu na 4, a 2006, nau'in kuskuren kawai take dubawa, ba ta taɓa kalmomi. A 2009 aka ƙara wata da ke ba da damar duba ko saƙon ya ƙunshi wata kalma. A bugu na 5, a 2017, aka miƙa wa mai gwaji kuskuren gaba ɗaya a hannunsa, ya duba abin da ya ga dama.

A 2014 aka samu alƙaluma. Ding Yuan da abokan aikinsa a Jami'ar Toronto sun ɗauki rahotannin lalacewa 198 daga manyan manhajoji biyar na ajiya da sarrafa bayanai, ciki har da Cassandra da HBase da Redis, suka bi kowanne zuwa tushensa. A cikin waɗanda suka zama babbar musiba, kashi 92 cikin ɗari sun faru ne saboda manhajar ta ga ƙaramin kuskure, ta kuma yi masa riƙon da bai dace ba. A kashi 35 cikin ɗari, sakacin a fili yake: misali, wurin da ya kamata a magance kuskuren fanko ne, ko an rubuta shi a kundi an wuce, ko an bar alamar cewa za a dawo a gyara. Masu binciken suka ce kashi 58 cikin ɗari da gwaji mai sauƙi na hanyar kuskuren ya kama su.

A watan Fabrairun shekarar, kamfanin Apple ya fitar da gyaran gaggawa ga wayoyinsa saboda layi ɗaya da aka maimaita a manhajar tabbatar da sahihancin shafukan intanet. Layin yana cewa a tsallaka zuwa ƙofar kuskure. Da yake an rubuta shi sau biyu, manhajar takan tsallaka ko da babu kuskure, ta fita ta wannan ƙofa riƙe da lambar da ke nufin lafiya lau, ta bar binciken sa hannu na ƙarshe ba a yi ba. Gwaji guda da zai miƙa mata sa hannun bogi ya jira ta ƙi, da ya tona asirin.

Wanda ya kai wannan darasi maƙura shi ne D. Richard Hipp, mai SQLite, ƙaramar manhajar ajiyar bayanai da ke cikin kusan kowace wayar Android da iPhone. Rubutun gwajinta ya ninka rubutun manhajar kusan sau 600. A cikin gwaje-gwajen akwai wanda ke hana ta wurin ajiya da gangan a buƙatarta ta farko, a duba ko ta faɗi gaskiya ba ta lalata bayanai ba, sannan a sake gudanarwa a hana ta a buƙata ta biyu, sai ta uku, har a ƙure. Haka ake yi mata da faifan da ya ƙi rubutuwa da wutar da ta ɗauke a tsakiyar aiki. Bayan irin waɗannan misalai, batun ko a gwada hanyar kuskure ya daina zama abin jayayya. Saura kalmomin.

Lamba ga na'ura, magana ga mutum

Wani injiniyan Google, Hyrum Wright, ya lura cewa idan masu amfani da manhaja suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tata da ake iya gani, ko an yi alkawarinta ko ba a yi ba, wani zai dogara da ita. Yau ana kiran wannan Dokar Hyrum, kuma saƙonnin kuskure na cikin manyan shaidunta. A yaren Go akwai saƙon da ke cewa abin da aka aiko ya yi girma da yawa. Shekaru babu wata hanyar gane wannan kuskure sai ta kalmominsa, don haka manhajoji da yawa suka riƙa kwatanta jimlar harafi da harafi. Da aka ba kuskuren nau'insa na kansa a 2022, masu kula da yaren sun bar jimlar yadda take, suka rubuta a gefenta cewa saboda Dokar Hyrum ba za a iya sauya ta ba.

Maganin shi ne komawa ga tsarin IBM. Manhajar ajiyar bayanai ta PostgreSQL tana haɗa kowane kuskure da lamba mai gurbi biyar, kuma jagorarta tana shawartar masu gina manhaja a kanta su duba lambar, su bar kalmomin, domin kalmomi suna sauyawa daga bugu zuwa bugu, kuma ana fassara su. Shafukan intanet suna da lambar 404. Harkar katin banki tana da ƙa'idar ISO 8583, wadda aka fara fitarwa a 1987, kuma mai POS a Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari yana hulɗa da ita kullum: 00 kuɗi sun fita, 51 babu isassun kuɗi a asusu, 55 lambar sirri ba daidai ba, 91 ba a samu bankin mai katin ba ko na'urar da ke tsakani. Abin da za a buga a rasit yana iya bambanta daga na'ura zuwa na'ura, lambar ce ke ratsa bankuna ba ta sauya ba.

Fassara ta ƙara wa wannan hujja nauyi. Tsarin gettext, wanda GNU ta fitar da nata a 1995 kuma dubban manhajoji ke amfani da shi, yana ɗaukar jimlar Turancin ce a matsayin mabuɗin nemo fassara. In mai manhaja ya ƙara waƙafi ɗaya a jimlar, mabuɗin ya sauya, sai mai amfani da Hausa ko Larabci ko Faransanci ya ga Turanci ya faɗo masa a tsakiyar allo, har sai mai fassara ya sabunta nasa. Saboda haka gwajin da ya fi amfani a manhaja mai harsuna da yawa shi ne wanda ke duba cewa kowane saƙo yana da fassara a kowane harshe, kuma guraben suna da adadi da ke cikin jimlar asali suna nan a fassarar.

Inda kalmomin su ne hajar

Akwai wuraren da aka yanke hukuncin akasin haka, kuma da dalili. Manhajar da ke juya rubutun ɗan'adam zuwa yaren na'ura, yawancin hirarta da mai aiki da ita ƙorafi ne: nan ka manta baka, nan ka haɗa lamba da kalma. A 2015 Evan Czaplicki, mai yaren Elm, ya sake fasalin saƙonnin yarensa suka koma cikakkun jimloli masu nuna wurin matsalar da ba da shawara. Masu yaren Rust suka ɗauki darasin a 2016. Python ta bi sahu a bugu na 3.10 a 2021, inda ta fara nuna ainihin bakan da aka buɗe ba a rufe ba, maimakon ta yi kuka a wani layi can ƙasa.

Tsaro ma yana da nasa dalilin, ta wata fuska. A 1998 Daniel Bleichenbacher na ɗakunan binciken Bell ya nuna cewa idan kwamfutar da ke karɓar saƙon sirri tana ba da amsa daban-daban ga lalatattun saƙonni, mai kutse zai iya aika mata kimanin miliyan ɗaya, ya tattara bambancin amsoshin ya buɗe sirrin. A 2017 wasu masu bincike uku suka gano cewa raunin yana nan a manyan shafuka, ciki har da Facebook da PayPal. A irin wannan wuri, gwaji yana tabbatar da cewa kurakurai mabambanta sun fito da amsa iri ɗaya sak. Dalilin ke nan da ya sa shafuka da yawa ba sa faɗa wa mutum ko sunansa ne ba daidai ba ko kalmar sirrinsa.

Abin da ya fi yawa a sana'ar yau ya faɗo ne tsakanin ɓangarorin biyu. Ana gwada cewa kuskuren ya tashi a inda ya kamata, da nau'i ko lambar da ta dace. Ana duba cewa bayanan da mutum zai buƙata, kamar sunan fayil ko adadin da ya wuce iyaka, suna cikin saƙon, kuma abin da bai kamata ya fita ba, kamar kalmar sirri ko lambar kati, bai fita ba. Jimlar kanta ana barinta ta numfasa, sai a inda aka san ita ake saye.

Rust ce ta fi tsanantawa a wannan ɓangare na ƙarshe. A ma'ajiyar rubutunta akwai dubban ƙananan manhajoji da aka lalata da gangan, kowacce da fayil a gefenta mai ɗauke da ainihin ƙorafin da ake so ya fito, har da layukan da ke nuni da wurin matsalar. Harafi ɗaya ya sauya, gwaji ya faɗi. Don kada wannan ya hana gyara, akwai umarni guda mai suna bless da ke sake rubuta duk fayilolin su dace da sabon lafazi. Na'urar ba ta san ko sabuwar jimlar ta fi tsohuwar ba, aikinta kawai ta hana sauyi ya wuce a ɓoye. Kafin a karɓi gyaran, sai wani daga cikin masu kula da yaren ya ga tsohon saƙon da sabon a jere, layin da aka cire da ja, wanda aka ƙara da kore, ya karanta, sannan ya sa hannu ko ya mayar wa mai gyaran ya sake lale.